Shekarar da Ba Mu Yashe Rijiya Ba

Aikina a wani gidan rediyo na Dogon Dutsi shi ne karanta sanarwa. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, akuyar da ta ɓata, duk ta bakina suke fita. Takardar da aka rubuto da Faransanci ni nake juya ta zuwa Hausa, tunda na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko. Na yi shekara da shekaru a wannan kujera, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko abin da ke cikin takarda gaskiya ne ba. In dai da tampo, wato hatimi, a ƙasanta, karantawa nake, har da gyaran murya.

Ƙauyenmu yana kan tudu, tafiyar rabin yini a amalanke daga kwalta. Rijiya ɗaya gare mu, ta tun kakanni, mai zurfin gaske. Kowace shekara bayan girbi masu yasa kan zo daga wajen Tibiri da igiyoyinsu. Su sauka ciki, su kwashe yashi da laka da tsofaffin gugunan da suka faɗa, su toshe inda bango ya fara zuba. Kowane gida ya ba su damin hatsi, mata su yi musu fura da tuwo. Kwana uku sun gama, sai su yi gaba, ba a ƙara ganinsu sai baɗi. In an yashe, rijiya takan kai mu damina. In ba a yashe ba kuwa, ba wanda ya san abin da zai faru, domin ba a taɓa gwadawa ba.

Yayana ne ke kula da rijiyar, kamar yadda babanmu ya yi kafin ya rasu. Inna, mahaifiyarmu, tana hannunsa. Shi bai yi lakwal ba, kuma bai taɓa barina na manta cewa ni na yi ba. In na je gida sai ya kama tafin hannuna ya nuna wa jama'a, wai a zo a ga hannun da bai san igiya ba. Amma a gidansa ba mai taɓa rediyo in lokacin sanarwa ya yi.

A shekarar da nake magana, wani furoje, wato shirin taimakon raya karkara, ya shigo yankinmu da motar haƙa foraj, wato rijiyar famfo. Sharaɗinsu ɗaya ne: majalisar kwamin, wato ƙaramar hukuma, ta zauna, ta amince da ƙauyukan da za a yi wa, ta ba da takarda. Ba zan faɗi sunan kwamin ɗin ba, har yanzu da mutanenta nake gaisawa a kasuwa. Majalisar ta rabu biyu, ɓangaren magajin gari da ɓangaren adawa, kuma ta yi watanni ba ta zauna ba. Na san da haka. Na ɗauka rigimar manya ce, za su gaji su daina.

Rana ɗaya aka kawo min takardu biyu. Jam'iyyar magajin gari ta ce ta samo wa talakawa foraj, za a fara aiki kafin zafi, duk da masu neman kawo cikas. Jam'iyyar adawa ta ce foraj ɗin nan ita ta nemo shi, kuma ba wanda ya isa ya hana shi zuwa. Kowace takarda ta jera ƙauyuka, kuma a cikin kowace ga sunan namu. Wallahi daɗi ya kama ni. Da na zo kan sunan garinmu sai da na ja shi, na maimaita, don Inna ta ji. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba game da majalisar da ba ta zama, domin ba ya cikin takarda.

Mako biyu bayan haka masu yasa suka iso ƙauye. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, kowa yana jin nauyin damin hatsi. Aka taru a ƙofar mai gari. Ban halarta ba, daga baya aka ba ni labari. A wurinmu, in abokin gabarka ya ba da shaida irin taka, magana ta ƙare, ba a neman shaida ta uku. Dattawa suka ce mutanen nan biyu ko gaisuwa ba su yi, ga shi bakinsu ya zo ɗaya a kan foraj, to ai foraj ya tabbata. Aka juya ga Yaya, ya ce ƙanensa ne ya faɗa, da kunnensa ya ji. Aka ba masu yasa fura suka sha, aka sallame su.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ba mota ba labarinta. Guga ta fara fitowa da rabin ruwa rabin laka. Mata suka koma kafa layi tun da asuba, shanu na kuka a bayansu. Sai ga Yaya a Dutsi, bayan wani ɗan kabu-kabu, fuskarsa duk ƙura. Bai tsokane ni ba, a nan na gane abin ya ɓaci.

Muka tafi hedkwatar kwamin tare. Wani ma'aikaci ya zaunar da mu ya yi mana bayani a hankali. Majalisa ba ta iya yanke komai sai fiye da rabin konseye, wato kansiloli, sun shigo ɗaki. In magajin gari ya kira zama, 'yan adawa sun ce ba su shiga sai an fara da batun tsige shi. Shi kuma ya rantse ba zai sa wannan batu cikin jerin abin tattaunawa ba. Takardar foraj tana nan a rubuce, har ya buɗe durowa ya nuna mana ita. Hannu kawai ake jira a ɗaga.

Cikin konseyen adawa akwai wanda muka zauna benci ɗaya da shi a lakwal. Muka same shi a gida yana shan shayi. Yaya, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa.

"Ranka shi daɗe," in ji Yaya, "ku kun ce kuna son foraj. Su ma sun ce suna so. To mi yah hana? Ku shiga ɗakin ga, ku ɗaga hannu, in kun hito ku ci gaba da hwaɗanku."

Abokina ya ɗaga shi, ya zuba masa shayi. Ya ce, "Yaya, ba haka siyasa take ba. In munka shiga yau, gobe shi ka yawo shina cewa shi yag gina. Parti ta ce kar wanda ya taka ƙohwar nan. Ku yi haƙuri kaɗan, in munka karɓi kwamin ku na farko."

Na ce da shi rijiyarmu ba ta kaiwa wancan lokaci. Ya dube ni ya ce ai ni ɗan boko ne, ya kamata na fahimta. Na fahimta ɗin, shi ya sa na ji kamar in kife masa butar shayin a kai. Daga nan muka je wurin wani na hannun daman magajin gari. Shi ma ya tausaya mana ƙwarai, ya ce mu je mu roƙi waɗancan, su ne suka ƙi zuwa. A hanyar komawa Yaya ya yi ta tambayata abu ɗaya, wai wane ne ya ce a'a. Na ce ba kowa. Ya ce to shi bai gane ba, kuma har yau ban sami yadda zan bayyana masa ba.

Motar haƙa ta gama da sauran kwamin da suka ba da takarda, ta bar yankin. Muka aika neman masu yasa, aka ce sun tsallaka iyaka ci-rani. Mutanen ƙauyen da ke kusa da mu suka fara hana matanmu ɗiban ruwa, su ma tasu ta ja baya. Gidaje biyu suka ɗaure kaya suka tashi. Inna ta ce ita ba inda za ta, a nan aka binne mijinta. Na rasa barci, na rasa abinci. Kullum ina zaune gaban makirfo ina karanta sunan akuyar wani, raina yana bakin rijiya.

Sai aka aiko min cewa Yaya zai shiga da kansa. Na hau babur na isa da hantsi, na tarar har ya ɗaura igiya a ƙugu. Bai taɓa sauka rijiya ba a rayuwarsa, aikinsa daga sama ne. Na riƙe shi na ce don Allah ya bari.

"Ni nas sallami mutanen nan," ya ce. "Kama igiya, in kana iyawa."

Mu takwas muka riƙe. Ya sauka, muna saki kaɗan-kaɗan, har muryarsa ta koma ƙarama. Ya ciko guga da yashi muka jawo, ya sake cikowa. Wajen guga ta goma yashin ya fara fitowa da danshi, mata suka fara guɗa. Inna tana zaune a gindin itacen bedi da carbinta. Sai muka ji wani ƙara daga ƙasa, ƙura ta taso ta bakin rijiya, igiya ta yi nauyi a hannunmu. Bangon da ba a toshe ba a shekarar ne ya zubo masa.

Muka ja. Fatar hannuna ta saɓule ban ji ba. Ina ja ina kiran sunansa, ina cewa Allah ka ɗauke ni ka bar shi. Ya fito da rai, amma ƙafafunsa suna lilo, kuma tun daga ranar bai sake takawa da su ba.

Aka shimfiɗa shi a amalanke muka nufi likita, na ɗora kansa a cinyata, rana tana dukanmu. Mun yi nisa da gari kafin ya buɗe ido. Leɓensa duk yashi. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Ruwa," ya ce.

Na dubi mai amalanke, na dubi mutanen da ke biye da mu a ƙasa. Kowa ya sunkuyar da kai. Duk cikinmu ba wanda ya baro gida da ko kurɓi ɗaya.