Na Je Gida Zaɓen Maigari

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga tashar Madawa, ni da abokin ɗinkina, a bayan wani tsohon kamyon da aka maƙare da buhunan albasa. Maigarin ƙauyenmu ya rasu bayan girbi, za a zaɓi sabo, an kuma ce duk magidancin da ke son jefa ƙuri'a sai ya zo da katin iyalinsa. Nawa na cikin aljihun ciki, na sa allura na ɗinke bakin.

Da muka bar gudaro, wato kwalta, sai hanyar Buza ta fara nuna mana halinta: duwatsu, gangare, ƙorama busasshiya. Duk ramin da muka faɗa, sai wata tsohuwa ta yi salati, akuyarta ta amsa. A Buza muka sha furar wata Bafulatana, mai kauri, ga araha fiye da ta Madawa. Sauran tafiyar zuwa ƙauyenmu, wajen Deule, a ƙafa muka ƙarasa.

Washegari aka taru gindin gawo, gaban lakwal, makarantar bokon garin. Suparefe, wakilin gwamnati, ya zauna da jandarma a gefensa. Sharaɗin a fili yake: kati, ko kuwa dattawa biyu su shaide ka. 'Yan takara biyu ne, ƙanen marigayi da wani attajirin hatsi. Tun safe na lura da baƙin fuskoki a layin attajirin, mutane na ta gunaguni amma ba mai ɗaga murya, don rabin garin sun ci geronsa a shekarar fari.

Can wani dogo ya matso, ya ce katinsa ya ɓata, ya faɗi sunansa da na ubansa. Sunan yayana ne, wanda ke cin rani a Abijan! Sai na miƙe.

“Ranka shi daɗe,” na ce, “in wanga yayana na, to ni ban san ɗan uwana ba.”

Suparefe ya dubi dogon. “Mi sunan uwarku?”

Dogo ya hau kame-kame. Sai baffana ya tashi ya ce bai taɓa ganinsa ba, wani ya bi, wani ya bi. Kafin jandarma ya motsa, baƙin sun fara sulalewa ta bayan lakwal. Wani makiyayi kuwa da gara ta cinye katinsa, dattawa suka shaide shi nan take, ya jefa tasa. Ƙanen marigayi ya ci, mata suka ɓarke da guɗa.

Mun dawo Madawa jikinmu duk warin albasa, ni da murya a dishe. Na gano kati na da amfani, amma sai an sami wanda zai fara buɗe baki. Ran nan ni ne.