Hannun da Rana Ta Sani

A tashar manyan motoci ba mai kiransa da sunan yanka. Sannu-Sannu ake ce masa, domin tun yana saurayi da ya fara riƙe sitiyari ba a taɓa ganin ya yi tsere da wani a kan hanya ba. Abokan aikinsa sukan wuce shi suna danna masa hon suna dariya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu ta taga. Can gaba sai ya tarar da su sun buɗe gaban mota suna jiran inji ya huce, ya tsaya ya ba su ruwa, ya ci gaba da lallaɓawarsa.

Hannun nan da yake ɗaga musu, a bakin taga yake wuni. Shekara da shekaru rana tana gasa shi har ya fi ɗan'uwansa, ɗaya hannun, duhu nesa ba kusa ba. Matarsa takan ce in ya jera su biyun, ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba. A kusa da tsintsiyar hannun akwai wani tabo, tsarabar ranar da ya yi gaggawar buɗe murfin lagireto, ma'ajiyar ruwan injin mota, da zafinsa. Ya ce gaggawar da ya taɓa yi ke nan a rayuwarsa, kuma ga abin da ta saka masa da shi.

Da sitiyarin nan ya riƙe gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, ya kuma rene 'yar ƙanwarsa da aka bar masa tana rarrafe. Yarinyar ta girma ta zama mai ɗaukar hoto, har ta buɗe ɗan shagonta a saman wani kanti. Shi dai bai taɓa gane yadda ake cin abinci da wannan sana'a ba, amma in an tambaye shi sai ya ce, "Ai Mai-hoto ta fi mu duka."

Sai idanu suka fara yi masa gardama. Da farko ya ɗauka gilashin mota ne ya yi datti, ya dinga gogewa. Wata rana da yamma, yana gangarowa da kaya cike da mota, saura ƙiris ya bi ta kan wani mai amalanke da ya tsaya a gefen titi. Bai gan shi ba sam, ihun mutane ne ya sa ya taka birki. Ya sauko ya ba mutumin haƙuri. Da ya sauke kayan ya wuce ofishin mai motar ya ajiye masa makulli a kan tebur. Ba wanda ya kore shi, shi ya kori kansa.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aiki kaɗan za a yi a cire ta. Sannu-Sannu ya ji kalmar aiki, ya ɗauki hularsa.

"Ba wanda zai sa mini wuƙa a ido ina numfashi," in ji shi.

Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi fushi. Mai-hoto ta yi magana har bakinta ya gaji. Ya yi biris da su. Ya samu wata kujerar roba a bakin ƙofa ya lafe a kai, da rediyo a cinya. Mutumin da ya san kowace kwana da kowane rami na hanyoyin ƙasar, yanzu in zai tsallaka titi sai ya jira wani ya fara. Ya rage magana, ya rage cin abinci. Matarsa ta ce wa Mai-hoto a ɓoye, "Kawunki fa yana narkewa ina kallo."

Ana haka Mai-hoto ta samu aikin da bai taɓa zuwa mata ba. Wani kamfani zai ƙaddamar da sabon agogon hannu na masu hannu da shuni, ita aka ba ɗaukar hoton talla. Da sassafe ta zo gidan ta tsaya a kan kawunta.

"Kawu, tashi ka raka ni. Ba ni da wanda zai riƙe mini faifan haske."

"Makaho za ki ba riƙon haske?"

"Ba gani ake so ba, tsayuwa ake so. Kuma ba wanda ya kai ka haƙurin tsayuwa."

Ya san wayo take yi masa don ta raba shi da kujera. Amma ita ce, bai iya ce mata a'a in ba a maganar likita ba. Ya canza riga ya bi ta.

A saman rufin ginin kamfanin za a yi aikin, domin rana ake so. Wani mutum mai farar safar hannu ne ya kawo agogon a cikin akwati, yana riƙe da shi kamar ƙwai. Akwai wani kyakkyawan saurayi da aka ɗauko don a ɗaura masa, ana ta shafa wa hannunsa mai. Akwai kuma shugabar talla ta kamfanin, mace mai saurin magana, da ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya. Sannu-Sannu ya riƙe faifansa inda aka ce, yana juya shi dama ko hagu in an umarce shi.

Aka yi ta ɗauka har rana ta take. Shugabar ta duba hotunan ta taɓe baki.

"Sun yi kyau," in ji ta. "Amma irin kyan da kowane agogo yake yi. Ba abin da ke cewa wannan daban yake."

Aka ce a huta. Sannu-Sannu ya ajiye faifan ya jingina da ƙarfen da ya kewaye rufin, ya ɗora hannunsa a kai ba tare da ya sani ba, daidai yadda ya saba ɗora shi a tagar mota. Mai-hoto ta juyo za ta miƙa masa ruwa, sai ta tsaya cak. Ta je ta yi wa mai farar safar magana ƙasa-ƙasa. Mutumin ya yi jim, ya dubi shugabar, ita kuma ta ɗaga kafaɗa.

Sanyin ƙarfe kawai Sannu-Sannu ya ji a tsintsiyar hannunsa.

"Ke! Cire mini abin mutane kafin in fasa shi a sayar da ni."

"Kada ka motsa, Kawu. Haske kawai nake gwadawa."

"Wai me ke cikinsa ne ake ta lallaɓa shi haka?"

Tana ɗauka tana ba shi amsa. Ta ce ba a murɗa shi, ba a canza masa batir, hasken rana yake ci ya rayu. Ta ce kuma ba mai saita shi, tauraron ɗan adam ne daga sama yake gaya masa lokaci, ko wata ƙasa ka tsallaka da kansa zai gyara zamansa.

"Rana yake ci?" Sannu-Sannu ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba. "To ashe ɗan'uwana ne. Ni ma ita na ci har na ƙoshi."

Shugabar ta leƙo bayan kyamarar. Wannan karon ba ta yi saurin magana ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wace sana'a ka yi?"

"Tuƙi, 'yata. Babbar mota."

"Don Allah ka ƙara mana haƙuri kaɗan a yadda kake."

Saurayin nan ma bai ji haushi ba. Shi ya ɗauki faifan hasken ya riƙe, yana ta tsokanar tsohon cewa ya ƙwace masa sana'a da rana tsaka.

Ranar ƙaddamarwa kamfanin ya aiko musu da mota. Matarsa ta goge masa kayansa mafi kyau, ita ma ta ci ado. Zauren otal ɗin ya cika da mutane masu ƙamshin turare, fitilu ta ko'ina. Aka yi jawabai a kan rana da taurari da lokaci, shi dai yana zaune yana jin takalminsa na matsa shi. Can aka ja wani babban ƙyalle da ya rufe bango, zauren ya kaure da tafi. Matarsa ta damƙe gwiwarsa.

"Baban yara! Kai ne! Wallahi hannunka ne, har da tabon!"

Ya ɗaga kai ya zuba ido. Wani dogon duhu ya gani kwance a cikin haske, da wani abu mai ƙyalli a tsakiya. Shi ke nan. Ya ƙanƙance ido, ya buɗe, ya goge da gefen hannu. Ba abin da ya ƙaru. Ya yi tafi tare da kowa.

Shugabar ta zo ta kama shi ta kai shi gaban jama'a, ta ce ga mai hannun. Aka sake tafi. Ta miƙa masa abin magana ta ce, "Baba, yaya ka ga hoton?"

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji shi.

Ƙaryar nan ta yi ta cin sa har suka shiga mota. Baƙin da ba su san shi ba sun ga hannunsa, sun ga aikin yarinyar da ya goya a kafaɗa, shi kaɗai ne a zauren bai gani ba. Matarsa da Mai-hoto suna ta hira a kan wanda ya sa kaza da wadda ta ce kaza. Sai da suka kusa gida ya yi gyaran murya.

"Mai-hoto."

"Na'am, Kawu."

"Likitan nan naku. Yana nan?"

Matarsa ta juya ta kalli taga tana share ido da bakin gyalenta.

Ladan hannun da kamfani ya ba shi, asibiti ya nufa kai tsaye. Ranar aikin ya yi ta maza har ƙofar ɗakin tiyata, daga nan ya riƙe hannun ma'aikaciyar jinya ya ƙi saki, sai da ta ce masa, "Baba, da wannan hannun zan taimaka wa likita fa." Ido ɗaya aka fara yi. Bai ji komai ba, har ya ɗan ji kunyar shekarun da ya ɓata yana gudu.

Da aka cire bandejin, haske ya shigo masa kamar an buɗe ƙofar ɗakin da ya daɗe a rufe. Ya ga igiyar takalmin likita. Ya ga wata 'yar tsaga a bango. Ya juya ya ga matarsa tsaye ta haɗa hannu a ƙirji, ya daɗe yana kallonta.

"Yaushe kika yi furfura haka ba ki gaya mini ba?"

"Kai ka sa mini ita, da taurin kanka," in ji ta, tana dariya tana kuka.

Ba su wuce gida ba. Ya ce a kai shi gadar sama, inda aka kafa allon tallar. Ya sauko daga mota ya tsaya a gefen titi ya ɗaga kai. Ga hannun nan, ya fi motar da ya tuƙa tsawo, baƙi wuluk, jijiyoyi sun yi rassa a bayansa, da 'yan fararen gashi da bai san yana da su ba. Ga agogon yana walƙiya, ga tabon lagireto a gefensa ba a ɓoye shi ba. Ya tsaya har wuyansa ya gaji.

"Ke kika yi wannan?" ya tambayi Mai-hoto.

"Kai ka yi shi, Kawu. Ni dannawa kawai na yi."

"A'a. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ki mai yi miki abin da kika yi mini." Sai ya juya yana yi wa masu mota da suke ta hon a banza faɗa.

Labari ya kai tasha. Tsoffin abokan aikinsa suka dinga zuwa gida gaisuwa, kowa ya zo sai ya kama hannun ya juya shi.

"To Sannu-Sannu, ina agogon?"

"Aro aka ba ni, na mayar."

"Duk wannan suna, ko agogo ba su bar maka ba?"

"Sun bar mini wanda ya fi shi," yakan ce, ya nuna idonsa da yatsa.

Bayan an yi wa ɗaya idon, ya sake gwaji aka sabunta masa lasisi. Mai motar ya aiko ko zai dawo, ya ce ya gode, doguwar hanya ta yara ce yanzu. Wata makarantar koyon tuƙi da ke bayan kasuwa ta ɗauke shi. Matsorata ake tura masa, waɗanda sauran malaman suka gaji da su: dattawa, da mata 'yan kasuwa da suka sayi mota da girmansu. Ba ya tsawa. In mota ta mutu a tsakiyar titi sai ya ce, "Ba komai, ni ma na san tsoro. Tayar mu sake." Allon tallar kuwa, da lokacinsa ya cika aka sauke shi aka sa na sabulu, bai ko damu ba.

Wata ranar hutu ya sa matarsa ta shirya, bai gaya mata inda za su ba. Suka hau matakalar shagon Mai-hoto, shi a gaba, ba mai riƙe shi. Ta taso da sauri tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau. Aiki muka kawo miki. Hoto za ki yi mana, ni da Innarki."

"Hoto?" in ji matarsa. "Da wannan ɗankwalin? Da ka faɗa mini ai da na sa mai ruwan goro!"

"Wannan ma ya yi, ina ganinsa sarai." Ya ja kujera ya zauna, ya gyara hularsa, ya dubi Mai-hoto. "Amma ki ji da kyau. Wannan karon har da fuska."