Murhun Laka da Gawon Gonarmu

Shekarun baya, lokacin farin da ya cinye mana damina a Kurawa, itace ya yi wuya fiye da hatsi. Murhuna na duwatsu uku ne, iska ta kwashe rabin wutar, hayaƙi ya bar ni da jajayen idanu. Kara ya ƙare, kashin shanu ma sai an yi rububi.

Abin da ya rage mana shi ne wani tsohon gawo a gona, wanda 'ya'yansa ke riƙe da awakinmu. Wata safiya na tarar da maigidana yana wasa gatari.

Na ce, "Malam, ina za ka da abin ga?"

Ya ce, "Gawon ga za ni sarewa. Ko da mi za ki dahwa muna tuwo?"

"In ka sare shi, awaki su ci mi? Aje gatarin ga, ka bar ni da wuta."

Na faɗa da ƙarfin hali, alhali sau ɗaya na taɓa ganin murhun laka, a gidan gwaggona can tsallaken iyaka, bayan Burkusuma. Na kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, na gina shi ya rungume tukunya, na bar ƙofa ɗaya ta sa itace. Ɗoki bai bar ni na jira ya bushe ba. Ina cikin tuƙi ya tsage, tukunya ta kife, kaji suka yi walima. Maƙwabta suka sa masa suna rumbun ɓera. Na ji kunya, amma haushi ya fi yawa.

Na sake ginawa, na bar shi a inuwa har ya bushe ƙarau. 'Yan ƙiraren da a da ko ruwa ba sa tafasawa, su suka dafa tuwo da miya. Hayaƙi ya ragu, gatari ya koma bayan ɗaki. Masu dariyar nan kuwa, ni na gina musu nasu.

Yanzu in na ji rediyo na cewa hayaƙin girkinmu na cikin abin da ke ɗumama duniya, ba na musu, idanuna sun riga sun shaida. Awakin sun ga damina, gawon yana nan tsaye. Maigidana, da furfurarsa, a gindinsa yake hutawa, yana gaya wa jikoki, "Da ba don ni ba, da tuni an sare shi."