Gato Mai Karamel da Sahun Baya

Ƙanwata ba ta ji da kunnen hagu. Sanƙarau ya kama ta tana shekara shida, ita ta tashi, kunnen bai tashi ba. Na daman ma sai an matso. Ga ta doguwa irin babanmu, shekararta goma sha uku amma ta kusa kamo ni. A lakwal kuwa, wato makarantar boko, tsawo ake bi wajen zaunar da yara, gajeru gaba, dogaye baya. Kowace shekara tana can jikin bango tana kallon bakin malami daga nesa.

Ta riga ta maimaita aji. Bara ta kai ajin ƙarshe, wanda daga shi sai kolej, kuma direktar ya gaya wa Inna a fili cewa in ta sake faɗuwa sai gida, shekarunta sun wuce. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin: a zaunar da ita a sahun gaba.

Matsalar bakina ne. Bara waccan na je na samu mushen da ke koya musu, wato malaminsu, na yi masa bayani sau biyu bai canza mata wuri ba. A na uku na tambaye shi gaban yara ko shi ma kurma ne. Gaskiya na faɗa, amma tun daga ranar in na shiga lakwal ɗin sai malamai su kama duba takardu. To yanzu da wane ido zan je roƙo?

Sai na tuna da gato, wato kek. Bayan na bar karatu na yi ƴan watanni ina aiki a madafar wani masaukin baƙi nan Agadas, kafin baƙin su ɗauke ƙafa a rufe wurin. Can na koyi wani gato na shokola da suke kira burawni, baƙi, mai danƙo a ciki, ana zuba masa karamel a tsakiya. Duk wanda ya ci sai ya yi shiru. Na ce wannan zan kai wa malamai ranar rantire, wato ranar komawa lakwal, ya zama gaisuwa, ya zama ban haƙuri, ba sai na buɗe baki na ce na yi laifi ba.

Ba mu da fur, murhun gashi irin na masu burodi. Babbar tukunyar biki na ɗauko, na zuba rairayi a gindinta, na ɗora kwanon gashi a kai, garwashi a ƙasa, garwashi a bisa murfi. Karamel ɗin ne mai wuya. Sukari za ka narka har ya yi ja, in ka kau da ido ya yi ɗaci. Na zuba margarin da madarar gwangwani da ɗan gishiri, ya taso yana tafasa kamar zai cije ni. Na kwaɓa garin alkama da garin kakawo da ƙwai, na zuba rabi, na malala karamel, na rufe da sauran. Inna na zaune bisa tabarma tana tsintar shinkafa, tana harara ta.

Kuskurena shi ne fita da na yi zuwa maƙwabta aron faranti mai murfi. Ko da na dawo, murfin tukunya ya yi jajir da wuta.

"Inna, wa ya ƙara garwashi?"

"Ni. Na soka tsinke ya fito da ɗanyen ƙullu. Ɗanyen abu za ki kai wa malamai su kwana zagayawa?"

"Haka ake cinsa!"

"A gidan wa?"

Da na fito da shi, tubali ne. Akuyarmu ma shinshinawa ta yi ta juya. Inna ta ce ai tun farko ta ga abin baƙi ƙirin, ba ta yi magana ba ne kawai. Kayan da suka rage na kwano ɗaya ne, ƙarami. Na sake kwaɓawa bayan la'asar, na zauna gaban tukunya da muciya a hannu kamar mai gadi. Wannan karon ya yi. Sama ya tsattsage, ciki lumus, karamel na ja in an yanka. Na ba ƙanwata gefen da ya manne a kwano. Ta lashe yatsu ta ce, "Yaya, wannan na wane ne?" Na matsa kunnenta na dama na ce na malamanku ne. Ban gaya mata don me ba.

Da safe ina ɗaura kallabi Inna ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ke, tsaya. Ki kai, ki gaishe su, ki juyo. Kada ki roƙi komai."

"To don me na sha hayaƙi jiya?"

"Ba a haɗa kyauta da roƙo rana ɗaya. Rashin tarbiyya ne. Ki bari kwana biyu."

"Inna, yau ake raba wuri."

"Wuri ba ya gudu. Bakin nan naki shi ya ja mana bara. Sau ɗaya a rayuwarki ki rufe shi."

Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce.

Tsakar lakwal cike take da iyaye, kowa riƙe da hannun ɗansa. Rana ta fara zafi, ina jin karamel na saki a cikin faranti. Na ratsa ta tsakiyarsu da faranti a ka, na nufi inuwar dogon yaro inda malamai ke zaune. Mushen nan da na ce wa kurma shi ya fara ganina.

"A'a, yau ba faɗa? Ko dai guba aka dafo mana?"

Aka yi dariya, ni ma na yi irin wadda ba ta kai ciki ba. Na ɗauka za su ajiye sai na tafi, kamar yadda ake yi. Ina! Nan take ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya ciza, karamel ya zubo masa a gemu. Sai faranti ya kama yawo hannu zuwa hannu. Direktar ya ci biyu. Iyaye na tsaye suna kallo. Na ji wata mata a bayana ta ce, "Wasu dai sun san hanya." Ban waiga ba.

Malamar ajin ƙanwata sabuwa ce, an kawo ta daga Cirozerin, babbar mace, sa'ar Inna. Ta goge hannu da gefen mayafi ta dube ni.

"An gode, ƴata. Akwai wani abu ne?"

Maganar na bakina, har na ja numfashi. Na ce, "Babu komai, Madam. Barka da rantire ne kawai."

Da azahar ƙanwata ta dawo. Na ce ina aka sa ki. Ta ce, "Eh?" Na zagaya dama na sake tambaya.

"Baya, Yaya. Jikin bango."

"Wane kunne ke wajen bangon?"

Ta taɓa na dama.

Na ƙirga kwana biyun Inna kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ran kwana na uku na samu Madam ita kaɗai a aji lokacin da yara suka fita shan iska. Na yi mata bayani tun daga sanƙarau har maganar direktar, a hankali, ban ɗaga murya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta dafa kai.

"Haba ƴata. Ai na tambaye ki ran nan. Me ya hana ki faɗa?"

Na ce Innata ce ta ce ba a haɗawa.

"Innarki ta yi gaskiya. Amma da kin zo hannu wofi kin faɗa mini da safen nan, wallahi da na sa ta gaba can gefe, ba wanda zai ce uffan. Yanzu fa? Kowace uwa ta leƙo ta taga ta ga inda ɗanta yake. In na tada ɗan wani na sa doguwar yarinya a wurinsa, me za a ce? Duk garin nan an gan ki da faranti. An gan mu muna lasar yatsu. Ni baƙuwa ce, ko wata ban yi ba."

"To a bari a manta, Madam. Bayan wata ɗaya."

"Nan unguwar ake mantuwa? Matar da ta kawo mini zancen jiya har kalar murfin ta faɗa."

Na miƙe na yi mata sallama. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba. Da ta yi mini wulaƙanci da na san yadda zan yi da ita. Amma ba ta yi ba, idonta ma ya kawo ruwa. Na je wurin direktar, ya ce tsarin aji na mai aji ne, ya ƙara da cewa gato ya yi daɗi.

Abin da Madam ta iya shi ne ta maida ita ɗaya gefen, kunnen dama ya fuskanci aji. Ta kuma yi alkawarin in za ta yi dikte, wato shifta, za ta riƙa takowa baya tana karantawa. Ta gwada, ban zalunce ta ba. Sai dai tsakanin tabur da tabur yara ne zaune a ƙasa bisa buhu, babu inda za ta sa ƙafa.

Ran Juma'a ƙanwata ta shigo da farantin maƙwabta a ka. An wanke shi tas, an cika shi da dabinon Ingal. Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce wannan mata ƴar mutunci ce, ta san ba a maida kwano wofi. Ta ɗebi na maƙwabta, ta miƙo mini, na ce na ƙoshi.

Na karɓi kayen ƙanwata, littafin rubutunta, na buɗe dikten farko. Rubutunta mai kyau ne, ya fi nawa. Duk kalmar da ba ta ji ba sai ta bar mata fili daidai tsawon da take zato, ko za ta samu cikawa daga baya. Layi bakwai ne, filin ya fi rubutun yawa. Ina kallo tana cin dabino tana jera ƙwallayen bisa tabarma.

Shekarar duka na yi ta ina aron kayen ƴar maƙwabta, ina zama a daman ƙanwata bayan la'asar ina karanta mata da ƙarfi har muryata ta dushe. Lissafi ta iya. Dikte bai taɓa gyaruwa ba, kuma ba ta samu wucewa ba.

Bana da rantire ta zo tana gida, Inna na koya mata saƙar tabarma. Da safen ta ji hayaniyar yara a titi, ko ta gan su, ban sani ba. Ta zo ta same ni ina wanke tukunya ta ce, "Yaya, yaushe za ki sake yin gaton nan na malamai?" Na ce kakawo ya ƙare. Ta ce, "Eh?" Ban zagaya dama ba.