Murjanin da Baba Ya Bar Mini

Ina bakin aiki a ɗakin gwajin jini, da safiyar wata rana mai tsananin sanyi, Umma ta kira ni. Umma ba ta kiran mutum yana aiki, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ta ce, "Hadiza, ki taho. Babanki ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburinsa, rai ya yi halinsa." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isuhu, wanda ya tsufa yana sayar da turare da huluna da safa a bakin titin Fordham Road, nan ƙasar waje da muke zaune, ya tafi bai yi jinya ba, bai wahalar da kowa ba, kamar yadda ya rayu.

Waɗanda suka san shi sun shaide shi da haƙuri da kyauta, kuma gaskiya suka faɗa. Baƙo nawa ya sauka a falonmu na unguwar Mount Hope, daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya ci, ya sha, ya kwana, har ya sami gindin zama? Ban ƙirga ba, shi ma bai ƙirga ba. Amma akwai wani halinsa da suka mayar abin dariya, shi nake so in faɗa.

A kusurwar falon akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da ƙananan kifi biyu. A ƙasa, kan farin yashi, murjani ne mai rai guda ɗaya, wata halittar teku mai kama da dutse, shimfiɗe kamar ƙaramin faranti, launin ruwan goro, bakinsa a tsakiya. Baba ya same shi a wani shagon kifi, gefensa a yage, mai shagon na shirin zubarwa, ya roƙa aka ba shi. Abokansa sukan ce, "Malam Isuhu, mutane na kiwon tumaki, kai kana kiwon dutse?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ba duk mai rai ke iya kuka ba. Wanda ba ya kuka, shi ake fara dubawa."

Haka kuwa yake yi. Yana shigowa, kafin ya cire rigar sanyi, sai ya taɓa gilashin da bayan hannu ya tabbatar hita na ɗumama ruwan, ya kasa kunne ga famfon da ke juya shi. Yakan yayyanka jatan lande ya ajiye a bakin murjanin, ya tsaya yana korar kifayen har murjanin ya haɗiye. In yashi ya hau kansa, ya feso masa ruwa a hankali. Ya koya mini ɗaukarsa ta ƙasa, domin ƙashinsa na da kaifi, in an matse naman sai ya yanke daga ciki. Wata rana ya ce mini, "In ba na nan, Hadiza, amanarki ce. Wuta dai kada ta yanke masa." Na ce to, ina dariya.

Da aka kai Baba makwancinsa, gida ya cika maƙil. Maza a falo, mu mata a ɗakin Umma, kamar yadda aka saba, kuma 'yar mamaci ba ta ratsa maza. Saboda cunkoso aka buɗe tagogi cikin wannan sanyi. Ana dafa shayi, ana cajin waya, soket ya yi kaɗan. Sai wani bawan Allah ya leƙa bayan akwatin, ya zare filogin famfo da na hita, ya sa buta. Fitilar akwatin ya bari, don haka duk sanda na leƙo daga ƙofa sai in ga haske, hankalina ya kwanta. Sai bayan sadakar uku, da jama'a suka ragu, na shiga falon na ji shirun da ban taɓa ji ba a gidanmu. Ruwan ya yi sanyi ƙalau. Kifayen sun taso sama a mace, naman murjanin ya saɓule, sai farin ƙashi.

Na fashe da kukan da ban yi ba ranar rasuwa. Baffa Lawan, ƙanen Baba, ya ce, "Haba Hadiza, ki ji tsoron Allah. Mutum ya mutu kina kukan dutse? Kawo in sa a shara, ya fara wari."

Na ce, "Baffa, wa ya zare filogin?"

Ya ce, "Oho. Mutane sun bar shift ɗinsu na wurin aiki sun zo gaisuwa, sai a hana su shayi?"

Har yau ba wanda ya ce shi ne. Alhali da yawan waɗanda suka zauna a falon nan sun san amfanin filogin, domin da ƙarar famfon suka riƙa barci lokacin da ba su da ko katifa a garin nan. Sun ɗaga hannu sun yi wa Baba addu'a, da hannun suka kashe abin da ya fi lallaɓawa. Wannan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Ban ba Baffa ƙashin ba. Baba ya taɓa gaya mini cewa irin wannan murjani ba a gaggawar zubar da shi, domin bayan watanni 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gero kan tsiro a jikin ƙashin da aka fid da rai da shi. Ya ƙara da cewa, "Wani lokaci fa, ba kullum ba." Na sake ruwa, na mayar da wuta, na naɗe soket ɗin da salatif. Kowace safiya ina dubawa. Har yanzu fari ne fat.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa. Tausayin da ya yi wa abin da ba ya iya kuka, Allah Ya sa ya tarar da shi a inda yake kwance shi kaɗai. Allah Ya ba Umma haƙurin takaba da na kewa, Ya riƙa mu da ƙannena a kan tarbiyyarsa. Wanda ya zare filogin kuwa, da Baba ne da tuni ya yafe masa. Ni ban kai can ba tukuna. Allah Ya kai ni, amin.