Yatsa Ɗaya a Kan Sitiyari

A garinmu, duk wanda ya mutu Odell Tuttle ne ke kai shi makwancinsa. Tun yana saurayi yake tuƙa motar gawa, baƙa doguwa, kuma har ya yi furfura ba wanda ya taɓa ganin ya girgiza akwati ko ya sa furen da ke kai ya zame. Motar ɗan sanda a gaba, shi yana biye da fitilu a kunne, masu makoki a bayansa. Motocin da ke tahowa su gangara gefen titi su tsaya, yadda aka saba a ƙauyukan Carolina ta Arewa, shi kuma ya ɗaga wa kowa yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Gaisuwarmu ke nan a kan hanya, amma ta Odell ta fi ta kowa, don ba ya tsallake mutum ko da jiya suka yi cacar baki.

Ranar Litinin kuwa wani mutum ne daban. Da safe mukan haɗu a gidan abincin Vonda, mu tsofaffi, a dogon teburin da ke kusa da taga, mu ci ƙwai da faten tsaki, mu tattauna tseren motoci na Lahadi. Kujerar kan tebur ta Odell ce.

"Vonda, ƙaro kofi, zan yi bayani," in ji shi. "Kun ga yaron nan mai jar mota jiya? Ya ɗaga ƙafa a kwana ta uku. Ɗaga ƙafa daga totur fa! Da ni ne..."

"To, an fara," in ji Buford Haithcock mai sayar da tayoyi, abokin tsokanarsa tun suna 'yan makaranta.

"Da ni ne, sai totur ya sumbaci ƙasa. Kwana ba ta son matsoraci."

"Odell, a cikin fasinjojinka akwai wanda ya taɓa cewa ka yi sauri?"

"Akwai wanda ya taɓa ƙorafi? Ka bari naka ya zo, ɗan nema. Da gudu zan kai ka, gari ya huta."

Da-Ni-Ne muke kiransa, kuma yana amsawa. Gaskiya ya san tsere. In ya ce wane zai canza taya da wuri ya sha kaye, haka za a yi. Shi da matarsa Earlene Allah bai ba su haihuwa ba, sana'arsa kuma ba wanda ke murna in ya ga motarsa a ƙofar gida. A teburin nan ne kaɗai ake jiran ya iso. Abin da yake da shi ke nan.

Da ya cika shekara sittin da biyar, Buford ya kawo shawara mu haɗa hannu mu saya masa tuƙin gwaji a babban filin tsere, inda ake ba mutum motar tsere ta gaske ya zagaya 'yan zagaye a bayan malami. Ba zan ce duk ƙauna ce ta sa muka amince ba. Odell ya karɓa yana dariya, amma na ga ya ajiye cokali bai ƙarasa fatensa ba.

Ranar Asabar muka cika mota biyu, har da Vonda da ta rufe shago. Malamin tuƙin, wani tsohon ɗan tsere mai suna Lamar, ya tara masu gwajin ya yi musu bayani.

"Ni ne a gaba, ku kuna biye. Zan yi muku magana ta rediyon da ke cikin hula. In kun ga na fito da hannu ina yafito ku, ku ƙara wuta ku matso. Kwanar nan a karkace take kamar gefen ƙwarya. Mai gudu take riƙewa, mai rarrafe sai ta zubo da shi ƙasa."

Odell yana ta gyaɗa kai, har ya juya yana ƙara wa wani likitan haƙori bayani.

Motar tsere ba ta da ƙofa, ta taga ake shiga. Sai da mutum biyu suka taimaka kafin tumbinsa ya wuce. Da aka kifa masa hular kwano, na'urar ƙara ji da yake sawa a kunnuwansa saboda jinsa ya yi rauni ta fara tsuwa, sai ya cire ya miƙa wa Earlene.

"Riƙe min kunnuwana, uwargida."

"To ta yaya za ka ji mutumin?"

"Me zai faɗa min wanda ban sani ba?"

Muka hau benci. Buford ya rataya 'yar rediyonsa a wuya, irin wadda kowa ke zuwa da ita kallon tsere don sauraren direbobi, ya lalubo tasharsu, ya ɗaga madubin hangen nesa.

Suka tashi da ƙara kamar aradu. A miƙaƙƙen layi abin ya yi kyau. Da suka tunkari kwana ta farko, sai motar Lamar ta haye sama, ta Odell kuwa ta lafe a ƙasa kusa da ciyawa, tana tafiya cikin natsuwa da ladabi. Tazarar da ya bari, wallahi, daidai wadda yake bar wa motar ɗan sanda.

"Mista Tuttle, matso mana," muka ji muryar Lamar a ƙirjin Buford. "Mista Tuttle?"

Lamar ya rage gudu, ya fito da hannu yana yafitowa. Can sai muka ji ya ce, "Kai, jama'a. Gaishe ni yake yi?"

"Yatsa!" Buford ya yi ihu, madubi a ido. "Ya ɗaga masa yatsa! Vonda, ya ɗaga masa yatsa!"

Muka fashe. Vonda har da hawaye. Wani ya cire hula ya dafe ƙirji kamar gawa na wucewa. Zagaye na biyu, Lamar ya yafito, Odell ya ɗaga yatsa. Muka ƙara faɗuwa.

A zagaye na uku ne muryarsa ta fito. Ya manta cewa in shi ba ya ji, hular tana jin sa. Ba muryar Litinin ba ce, wata ƙarama ce mai rawa.

"Na gan ka, bawan Allah, na gan ka. Ƙafar ce ta ƙi." Numfashi. "Taka mana, Odell. Taka, tsohon banza, suna kallo." Numfashi. "Ya Ubangiji, bangon nan. Na san abin da bango ke yi wa mutum. Ni na ɗauko gawar ɗan gidan Sizemore da ya daki bango a tsere. Ni na ɗauko shi."

Dariya ta mutu. Buford ya kai hannu zai kashe rediyon, ya murɗa ba daidai ba, ya ƙara mata murya. Har ya gama zagayensa muna jin yana roƙon ƙafarsa. Earlene ta zauna a miƙe, hannunta a dunƙule kan abin da ya ba ta, ba ta kalli kowa ba.

Aka zaro shi ta taga, fuska jawur, gumi har wuya. Ya taho wajenmu yana dariya da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Kai, Lamar ɗin nan mutumin kirki ne! Kowane zagaye sai ya gaishe ni. Yanzu suke ce min wai cewa yake in matso. Ai da na sani, da kun ga aiki! Laifin Earlene ne, ita ta riƙe min kunnuwa."

Kowa ya kau da kai. Da ma mun yi dariya, da ya fi. Earlene ta miƙa masa na'urar, ya saƙala a kunne, abu na farko da ya ji kuwa shi ne muryar Lamar tana fitowa daga ƙirjin Buford, yana wa likitan haƙori magana, likitan kuma yana amsawa tar, har da numfashinsa.

Odell ya kalli rediyon. Ya kalli Buford. Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe take kunne?"

"Odell, ai ba komai..." in ji Buford.

"Earlene, mu je gida."

Bai zo Litinin ba, bai zo ta bayanta ba. A coci ya koma layin baya, ana gama addu'a ya fice. Abin da ya fi damun mutanen gari shi ne yatsan. Ya daina ɗagawa. Ka tsaya masa a gefen titi, ya wuce idonsa a kan motar ɗan sanda, hannu biyu a damƙe. Wata tsohuwa ta tambayi fasto ko Mista Tuttle yana fushi da ita ne. Mu kuma a teburin muna ta magana a kan farashin taki. Buford ya daina kawo rediyon ko'ina.

Sai da kaka ta shigo Earlene ta gaji da ganinsa a gida ta koro shi. Ya shigo, ya cire hula, ya zauna a tsakiya kusa da ni. Kujerar kan tebur tana nan ba kowa. Vonda ta ajiye masa kofi.

Buford ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ka kalli tseren jiya, tsoho?"

"Na kalla."

"To me ya sami yaron nan mai jar mota? Mun kasa ganewa."

Ƙarya yake, kowa ya gane. Odell ya juya cokali a kofi.

"Ya ɗaga ƙafa a kwana ta uku."

Muka jira. Bakinsa ya motsa da kansa. "Da ni ne..." Sai ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja. Ya daɗe yana kallon kofin. "Da ni ne, tun a ta farko zan ɗaga."

Buford ya yi 'yar dariya, ya duba ko an yarda, sannan mu ma muka yi kaɗan. Buford ya tura kujerar kan tebur da ƙafa, ta matso. Odell ya gan ta sarai.

"Nan ma ya yi," in ji shi. "Vonda, akwai sauran fate?"

Har yau a tsakiya yake zama. Yana faɗin wanda zai canza taya da wuri, kuma yana dacewa, amma sai an tambaye shi. Makon jiya na haɗu da shi zai kai wata baiwar Allah makwancinta, na gangara na tsaya. Ya ɗaga yatsan, ba can sama ba, kuma bai kalle ni ba.