Bakin Alƙalamin da Aka Goga

Ina shekara ta uku da fara aikin tafinta a Doha ɗan ƙanwata ya zo mini da maganar alƙaluma. Magidanci ne mai iyali a gida, yana gadi a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya ja ni ɗakinsu a Fereej Abdel Aziz, inda su shida suke zaune. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya ciro wani abu nannaɗe cikin safa. Tsohon alƙalamin tawada ne, baƙi, mai bakin zinariya.

"Kawu, ga kiwon zamani," in ji shi. "Ba ya cin dusa, ba ya ciwo, ɓarayin shanu ba su san da shi ba."

Wani mai gyaran agogo a bakin layinsu ne ya sayar masa. Ya gaya masa attajirai suna ajiye irinsu, bayan 'yan shekaru kuɗinsu ya ninka. Akwai sauran huɗu a shagon, shi ya sa ya aika gida a kai saniyarsa kasuwa ranar Laraba. Saniyar nan ita kaɗai ƙanwata ta bar masa, ga ta da ciki.

Ban ƙaryata cinikin ba, don na ga masu yin sa a Alƙahira. Na kuma ga matan Kumasi suna ajiye dukiya a atamfa, na Khartum a awarwaron zinariya. Amma dukansu in safiya ta yi sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa a saya. Na tambaye shi wa zai saya a hannunsa. Ya ce shi mai agogon. Na ce ya ba ni in gwada rubutu, ya janye hannu.

"Haba Kawu, bai taɓa shan tawada ba. Nan darajarsa take. Ya ce ko ɗigo ya shiga, kalas, shi ke nan."

Wannan ne ya tsaya mini a rai. A kara ko rago za ka saya sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora. Hajar da aka hana ka gwadawa, mai ita kaɗai ya san cikinta.

Bayan la'asar muka je shagon. Mutumin ya karɓe mu da fara'a da shayi, ya shimfiɗa huɗun a kan jan ƙyalle. Na roƙi aron madubin da yake sawa a ido in zai duba agogo. Na fara da na ɗan ƙanwata. Bakinsa a karkace yake, ga sawun guga, gefe ɗaya ya fi ɗaya ci. Na san aikin, don na yi shi da hannuna. Muna ɗalibai a Khartum mukan goga bakin alƙalamin Turawa a dutsen wasa wuƙa, kamar yadda ake feƙe na kara a gida, don ya fitar da kauri da sirantakar rubutun Larabci. Ba a yi wa alƙalami wannan wahala sai don a yi shekaru ana rubutu da shi. Biyu cikin huɗun ma haka suke.

Na faɗa wa mai agogon da Larabci, cikin ladabi. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ai ka ƙara masa kuɗi, Alhaji. Alƙalamin gwanin rubutu ke nan."

"Ɗazu sabuntarsa ce kuɗi, yanzu kuma tsufansa?"

Ya yi dariya, ya ƙara mini shayi. Na ce to, tunda ya ƙara daraja, ya sayi na hannunmu yau. Ya ce kasuwa ta yi sanyi, sai bayan Idi in Allah ya so.

Muka fito. Ɗan ƙanwata ya raka ni har wajen jiran bas ɗin Al Wukair, inda nake zaune. Sannan ya dube ni a kaikaice.

"Kawu, na ga yadda ka riƙe shi. Ba dai kushewa kake yi don in sakar maka da araha ba?"

Ban ji haushi ba, don akwai gaskiya a ciki. Tun da na ga bakin nan yatsuna suke ƙaiƙayi. Na ce kada ya sayar mini, kada ya ba ni kyauta, ya ci gaba da ajiyarsa. Wataƙila ma yana da daraja, ni ban sani ba. Abin da na sani, bakin da ya ba shi labari biyu a zama ɗaya bai cancanci saniyar uwarsa ba.

Ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya kira ƙanensa.

"Ka bar ta a garke," ya ce. "A'a, ba a fasa ba, an dai ɗaga."

Ba a sake tayar da maganar ba, saniya ta haihu da damina. Alƙalamin yana nan cikin safarsa, bai yarda an sa masa tawada ba har yau. Duk ranar da na shiga ɗakin, sai in ga ya sa diddige ya ƙara tura akwatin ƙarƙashin gado.